Waken Tanko da Makullin Laburare

Ni karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya. Wanda ke neman magana mai ado ya nemi wani. Ni abin da na sani zan faɗa, yadda ya faru.

A wani ƙauye na tashi, can bayan Tafoki, wanda yau in ka je ba za ka iske komai ba sai kangaye da ciyawa ta kai ƙugu. Lokacin da nake faɗa kuwa gari ne mai mutane. Gidanmu gidan gandu ne, babana da ƙannenshi uku da iyalansu, mu yara kuma ba a ƙirga mu sai in za a raba nama. A tsakiyar wannan taro akwai kakarmu, Iya Kande, uwar babana. Asalinta ɗiyar Maguzawa ce, aure ya kawo ta cikinmu, ta musulunta tun ba a haifi babana ba. Amma sanin da ta taso da shi ba ta baro shi a gidansu ba. Ta san kowane iri da halinshi. Ta san ganyen da ake jefawa a rumbu don ƙwari. In ta shinshina iska ta ce a yi shuka, maza su yi ta gardama, daga baya su ɗauki sungumi su fita.

Tatsuniya ba kullum take yi ba. Da damina ba ta da lokacin kowa. Sai an kai amfani gida, an ɗaure dawa, sanyi ya fara taɓa ƙafa, sannan za ka ga bayan an ci tuwo ta fito da 'yar kujerarta ta aje a ƙofar ɗaki. Mu kuma kowa ya ruga ya kwaso abin wutarshi, wani kara, wani totuwar masara. Wutar kara ba ta da haƙuri, yanzu ta tashi yanzu ta kwanta, dole a yi ta ƙara mata. Gabanka ya yi zafi, bayanka ya yi sanyi. Gyaɗa na cikin toka tana fashewa, hayaƙi kuma duk inda ka koma sai ya bi ka. Har yau in na ji ƙaurin kara yana ci, sai in ji kamar in naɗe ƙafa in zauna.

Abin da ya raba Iya da sauran tsofaffin ƙauyen faifanta ne. Ita ba ta tambaya wace tatsuniya kuke so. Da rana, tana cikin hidimarta, sai ta tsinci abubuwa uku, ta jera su bisa faifai, ta kifa wani faifan a kai. In wuta ta kama sai ta buɗe. Wanda ya fi kowa kawo kara a ranar shi zai zaɓi ɗaya, abin da ya zaɓa kuma labarinshi za a ji. Sauran biyun ta mayar ɗaki, ko birgima za ka yi ba za ta ce maka uffan a kansu ba. Wani lokaci su sake fitowa bayan sati, wani lokaci shi ke nan. Mu kuwa mu wuni wajen kiwo muna musu: ƙahon nan na jiya, labarin rago ne ko na mahauci?

Daren da nake son faɗa, ni na fi kowa kara, don na yi wayo na zare daga dannin maƙwabta. Iya ta buɗe faifai. Gashin zabo, da wuri guda irin na kuɗin da, da tsingaron tulu. Yayata Lantana tana ta zungurina in ɗauki wurin. Ni kuma don dai ita ta ce, sai na ɗora yatsa bisa tsingaron.

"Kai, angon nan nawa bai iya zaɓe ba," in ji Iya. "Ga abin ado ka tsallake, ka ɗauko mani fasasshen tulu. Haka za ka haɗa mani lefe?"

Aka yi ta dariya. Ta gyara zama ta ce, "To ku matsa, ga baƙuwa a ƙofa."

Muka ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Haka take buɗe kowace tatsuniya. Ban taɓa jin wani ya buɗe irin nata ba.

Ta ce wata tsohuwa ce mai 'ya'ya biyu, Tanko da ƙanwarshi Dela. Ba ta da saniya, ba ta da akuya. Dukiyarta duka wani jan wake ne da ta gada wajen uwarta, wanda ke nuna tun gero bai fitar da kai ba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yunwa ta fara leƙowa. Da ta ji mutuwa ta matso, sai ta raba waken ƙoƙo biyu, ta ba kowa nashi, ta ce, "Ku riƙe mani irin nan. Kada ya ɓace a hannunku."

Tanko ya samo sabon tulu, ya cuɗa waken da toka, ya zuba, ya liƙe bakin da laka. Ya haƙa rami a tsakar ɗakinshi ya binne, ya shimfiɗa tabarma a kai, nan yake kwana. Dela kuwa ruwan farko na sauka ta shuka nata a bayan gida. Awaki suka ci rabi. Yaran maƙwabta suka tsinki nasu. Abin da ya rage, duk matar da ta zo ta ce, "Dela, a sam mani ɗan iri," sai ta dumbuza ta ba ta. Tanko ya riƙa zaginta, yana cewa ta wulaƙanta amanar uwarsu.

Wata shekara gobara ta cinye ɗakin Dela, har da irin da ta aje. Ta je wajen yayanta roƙo. Ya ce, "Naki kin watsar, yanzu nawa kike hari? Tashi ki ba ni wuri." Ta fita tana kuka. Sai ta bi gidajen matan nan da ta taɓa ba. Wannan ta ba ta tafi ɗaya, waccan ta ba ta biyu, har daga ƙauyen da ba ta taɓa takawa ba aka aiko mata. Kafin la'asar ƙoƙonta ya fi na da cika.

Shekara bakwai tulun Tanko na cikin ƙasa. A ta bakwai gero ya ƙi, yunwa ta shiga gidanshi. Matarshi ta ce ko ya fasa tulun ko ta fasa kanshi. Ya tara mutane, ya tono, ya fasa. Ga wake ja wur yana sheƙi, ko huda ɗaya babu. Ya ce, "Ku zo ku ga yadda ake riƙon amana." Ya shuka. Ruwa ya sauka. Kwana uku shiru, kwana bakwai shiru. Sai ya tsuguna a bakin kunya yana waƙa.

Nan Iya take kaurara murya, tana kaɗa kai:

"Jan wake na inna, fito ka ga rana,
ban ba kowa kai ba, fito ka ga rana."

Sai ta matse hanci, ta yi muryar wake daga ƙarƙashin ƙasa, 'yar siririya:

"Tanko ka rufe mu, mun sha barci,
hanyar fita mun mance ta."

Sau uku suna haka, mu muna amsa ta waken muna dariya. Tanko ya tona da yatsa, ya iske waken ya ruɓe. Shekarar, daga gonar Dela aka ciyar da 'ya'yanshi. Iya ta ɗaga tsingaron sama ta ce, "Ga abin da ya rage na tulun. Baƙuwa ta sa takalminta, ta yi gaba."

Kowa ya ji daɗi ban da ni. Na ce, "Iya, ai an cuci Tanko. Shi ya ji maganar uwarsu. Cewa ta yi a riƙe."

"Haka ta ce kau."

"To mi ya sa nashi ya mutu?"

Iya ba ta fassara tatsuniya. In ta ba ka, kai ka san yadda za ka yi da ita. Ta dube ni ta cikin hayaƙi, ta ɓare gyaɗa ta miƙo mani. Ta ce, "Amshi, maigida. Allah dai ya sa kada wani ya ba ka makullin wani abu."

Aka sake dariya. Na yi fushi na tafi na kwanta.

Addu'ar tata ba ta ci ba. Bayan ta rasu na yi noma, na yi dako, na tura kurar ruwa cikin Ƙanƙara, har Allah ya sa na samu aikin shara a wata sakandare. Ina nan, wata shekara aka kawo littattafai cikin kwalaye, mota guda, aka ware ɗaki aka ce laburare ne. Shugaban makarantar na lokacin ya kira ni ya ce, "Malam Sale, na lura ko tsintsiya ba ta taɓa ɓata a hannunka ba. Ga makulli. Amana ce, kada ko ɗaya ya ɓace."

Ni kuma a gidan da na tashi, takarda mai rubutu ba abin wasa ba ce. Babana in ya ga 'yar takarda a hanya sai ya duƙa ya ɗauka ya cusa a tsagar katanga don kada a taka, ko da ta naɗin sabulu ce. Littattafan limaminmu cikin gafaka suke, a rataye can sama, ba mai taɓawa da hannun banza. To da wannan idon na kalli littattafan nan. Na jera su a kanta ta can sama, inda sai an taka benci. Masu kyan bango na naɗe su a leda. Ƙafafun kantocin na tsoma su cikin gwangwanaye da baƙin mai saboda gara, na cusa ganyen dogon yaro tsakanin layi da layi. Yaro in zai shiga sai ya nuna mani tafin hannu. Wanda ya ci ƙosai ko awara a lokacin tara, ya koma. Zancen a tafi da littafi gida kuwa, ko malami sai mun yi.

Sannu a hankali yara suka daina zuwa. Zan faɗi gaskiya, daɗi na ji. Masu duba makarantu in sun zo, a buɗe masu, su ga komai fes, su yaba. Ɗalibai suka sa mani suna Baba Kwaɗo, saboda ƙaton kwaɗon da ke ƙofar. Ina ji, ban damu ba. Shekara goma sha ɗaya, ko ɗaya bai ɓace ba.

Sai rashin zaman lafiyar nan ya tashi ƙauyuka, mutane suka kwararo cikin gari da 'ya'yansu. Aji ya cika har ana zama a ƙasa, wasu a bakin taga. Shugaban da muke da shi yanzu ya kira ni ofis. Mutum ne mai kunya, sai da ya gaishe ni sau biyu kafin ya faɗa.

"Baba, ɗakin nan naka shi ya fi kowane ɗaki lafiya a makarantar nan, kuma shi kaɗai ne ba kowa ciki. Ƙarshen zangon nan, in dai haka yake, za mu kwashe littattafan a kai sito, a zuba yara."

"Ni fa, ranka ya daɗe?"

"Sai ka koma bakin get."

Bakin get, da wannan gwiwar tawa, a irin wannan zamani. Na fito ina jin haushi, amma ban sami abin da zan ce ya yi ƙarya ba.

Wata malama ce ta roƙe shi ya ba ta zangon ta gwada. Malama Binta, 'yar Sabuwa, yarinya ce sa'ar ɗiyata, tana koyar da Turanci. Ta iske ni a ƙofa ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, yau sauke su za mu yi. Duka."

"A aje su ina?"

"Inda hannun yaro zai kai."

"Hannun yaro kika sani, Malama? Ni na san shi."

Ta yi dariya ta jawo benci da kanta. Dole na hau, don ba na barin mace ta hau benci ina tsaye. Ina miƙo mata tana kwance leda. Wallahi kamar ranar aka kawo su. Wasu ma ganyensu a manne yake, ba a taɓa buɗewa ba. Na ce, "Kin gani ko? Lafiyarsu lau."

Tana buɗawa tana warewa gida biyu, tari ɗaya yana ta tsawo. Na ce wannan fa?

Ta ce, "Na jarrabawa ne, Baba. An canza manhajar tun ina ɗaliba. Lafiyarsu lau, amma ba yaron da zai ci jarrabawa da su yanzu. Waɗanda aka kawo su dominsu sun gama sun tafi."

Ina tsaye bisa benci sai na ji muryar nan siririya ta waken Tanko, wadda Iya ke yi in ta matse hanci. Shekara arba'in ban tuna da ita ba. Na sauko a hankali na zauna.

A saman tarin akwai wani mai koren bango, da hoton jikin mutum. Na san shi. Ɗiyata Rabi a makarantar nan ta yi. Tana aji biyar ta taɓa roƙona in ba ta shi ta duba a gida lokacin hutu, don aikin jinya take so. Na ce amana ce, ba na fara ɓarna da 'yar cikina. Ba ta sake tambaya ba. Yanzu ɗinki take yi, tana rufa wa kanta asiri, ban ce littafi ɗaya ne ya hana ta ba. Amma na hana, kuma ga shi nan sabo fil, ba ya da amfani ga kowa.

Ɗaya tarin na labarai ne. Malama ta ce su ba su tsufa. Ta jawo tebur kusa da ƙofa ta jera su fuska a waje, ta yanka kwali mai launi ta yi rubutu manya-manya, ta sanar a taron safe cewa an buɗe kulob ɗin karatu, duk Alhamis bayan an tashi. Alhamis ta zo, mu biyu muka zauna. Ta gaba ma mu biyu. Yara su zo har bakin ƙofa, su leƙo, su ja da baya.

Ta ce, "Baba, in faɗi wata magana ba za ka yi fushi ba?"

"Faɗi."

"Ba teburin ne ba su so ba. Kai suke tsoro."

"Ni na taɓa cinye ɗan wani?"

"Shekara goma sha ɗaya kana duba tafin hannu. Wanda bai gani ba, yayanshi ya ba shi labari."

Na yi fushi, kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. A na uku na ce ta zaɓo littafi uku ta gaya mani abin da ke ciki, a taƙaice. Ɗaya na wata yarinya ce da ƙanenta ya ɓace mata a tasha. Ɗaya na wani tsoho ne da ya mutu ya bar akwati a kulle. Na ukun na wani mai haƙar rijiya ne. Na je gida na ɗauki faifai uku. Matata ta ce, "Malam, ina za ka da faifaina? Talla ka fara da tsufanka?" Na ce eh, talla ce.

Washegari kafin a fito tara na fitar da teburin baranda. Kowane faifai na ɗora littafi ɗaya. Kusa da na farko na aje silifa ta ƙaramin yaro, ƙafa ɗaya. Kusa da na biyu tsohon makulli mai tsatsa. Na uku guntun igiyar guga. Na ce wa Malama ta cire kwalayen rubutun nan. Na zauna a ƙaramin benci, na haɗa hannuwana a cinya don kada su yi abin da suka saba.

Suka taru daga nesa kamar masu kallon maciji. Can sai wata yarinya 'yar aji biyu ta matso, Talatu, iyayenta daga wajen Pauwa suka taso. Awara ce a hannunta.

"Baba, takalmin nan na wane ne?"

"Mai shi na cikin littafin nan."

"To ina ɗaya ƙafar?"

"Ina na sani? Turanci ne, ni aji huɗu na tsaya. Ke da kike da ido, karanta ki zo ki gaya mani."

Ta cusa sauran awarar a baki, ta goge hannu a siket, gogewa dai ta yara, ta ɗauka. Ina kallon babban yatsanta ya bar tabon mai a bangon. Na ɗaga kai na kalli kwanon rufi.

"In tafi da shi gida?"

Malama na tsaye a ƙofa, ni take kallo. Yaran ma ni suke kallo.

Na ce, "Tafi da shi. Ranar Alhamis ina jiran labarin takalmi."

Wani daga baya ya ce, "Kai! Baba Kwaɗo ya buɗe!" Aka kwashe da dariya. Kafin a kaɗa ƙararrawa faifan nan uku ba komai a kansu sai tarkace.

Ranar Alhamis Talatu ta zo da ƙawayenta shida. Ta tsaya tana ba ni labari da Hausa, tana yi tana nuni da hannu. Ta kai inda yarinyar ta hangi ƙanen nata cikin wata mota, sai ta ce nan ta tsaya. Na ce ban yarda ba, a ida mani. Yaron da ya ɗauki na akwati ya ce shi nashi ya fi daɗi. Talatu ta ce, "Kai da ka yi kwana shida a shafi huɗu?" Ya ce ƙarya ne, a buɗe a gani. Aka buɗe. Malama tana gefe tana gyara masu inda suka karkace. Kulob ɗin ke nan. Ba wanda ya zauna ya tsara shi.

Ka'ida ɗaya ta fito da kanta: wanda ya ida littafi, shi zai kawo abin da za a aje kusa da shi don na baya. Suka riƙa zuwa da gammo, da majajjawa, da fasasshen madubi, da kwalbar turare. Wani ya kawo ɗan tsako mai rai, na ce ya mayar wa uwarshi. Malama kuma duk sati sai ta ja teburin baya taku biyu, kamar mai jawo kaji da tsaba, har wata rana suka ga kansu a cikin ɗaki ba su san sun shiga ba.

Satin ƙarshe na zango shugaba ya zo, ranar Alhamis, bai gaya wa kowa ba. Ya iske ba wurin tsayawa, wasu a ƙasa, wasu bisa taga, ana musu a kan ko mai haƙar rijiya wawa ne ko mai haƙuri. Ya daɗe a ƙofa. Da aka watse na same shi da kaina, don ba na son ya ji a bakin wani.

"Ranka ya daɗe, uku sun ɓace. Ban da su, ɗaya akuya ta ci bangonshi. Ɗaya ya faɗa miya."

"A shekara goma sha ɗaya?"

"A wata biyu."

Ya ce, "Baba, yaran da ke zaune a ƙasa suna nan, ba su ragu ba. Da safe dole in zuba aji ɗaya a nan. Amma littattafai ba inda za su. Daga an fito tara, ɗaki naku ne kai da Malama. Get kuma zan nemi mai ƙafa."

Ba duka muka samu ba, rabi ne. Na karɓa, na gode.

Yanzu in na zauna ni kaɗai bayan sun tafi, ina ɗinke bangon da ya yage da zare da kwali, nakan koma kan tambayar da na yi wa Iya. Da ina cewa Tanko ya fi Dela jin magana. Yanzu na ga dukansu sun ji, kowa da abin da yake tsoro. Dela tana tsoron wake ya ƙare a duniya. Tanko yana tsoron a ce a hannunshi ya ɓace. Ba waken yake tsaro ba, sunanshi yake tsaro. Ni ma da aka ce mani amana, ban taɓa tambaya amanar wa ba. Na ɗauka ta mai ba da makulli ce, ashe ta yaran da nake kora ce. Ba zan ce na warke ba. Har gobe in na ga yaro ya naɗe littafi ya cusa a aljihun wando, sai na ji kamar ni aka naɗe. Bambancin kawai, yanzu na iya yin shiru.

Cikin ukun nan da suka ɓace, biyu ba labari. Na ukun kuwa, ranar wata kasuwa wani dattijo ya yi sallama da ni a bakin makaranta. Ya ce shi ne uban wani ɗalibinmu da suka tashi suka koma Mairuwa wajen dangi, sai bayan sun sauke kaya suka ga littafin makaranta a cikin buhu. Ya ce ya so ya taho da shi, yaron ya roƙe shi ya bari, wai kullum bayan magariba yaran gidan da na maƙwabta suna taruwa yana karanta masu yana juya masu da Hausa, kuma saura kaɗan su ida.

"To Malam, in karɓo in kawo, ko yaya? Ba na son a ce mun ci kayan hukuma."

Na ce, "Su nawa ke taruwa, Alhaji?"

"Wa ya ƙirga? Har uwarsu tana laɓewa tana ji."

Na ce ya dakata. Na shiga na gaya wa Malama. Ta jawo rajistar aro, ta nemo layin, inda ta riga ta rubuta ya ɓace. Ta miƙo mani biro ta ce, "Baba, kai ke da makulli."

Na soke kalmar. Da wannan rubutun nawa na ɗan aji huɗu, na rubuta a gefe: yana Mairuwa, yana aiki.